Wai Amurkawa haka suke da saurin kuka, ko talabijin ɗinsu ne kawai?

Maman Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Jiya da daddare yarana suka kunna gasar nan ta America's Got Talent a waya. Wata yarinya ta fito za ta yi waƙa. Kafin ta buɗe baki sai da aka kwashe kusan minti uku ana nuna mana kakarta da ta rasu, da hotunan asibiti, ga wani kiɗan piyano can ƙasa-ƙasa. Waƙar kanta ba ta kai minti biyu ba. Tana gamawa wata alƙaliya ta hau share hawaye, aka danna maɓallin nan na zinare, takardu masu ƙyalli suka dinga zubowa daga sama. Yarinya ta durƙushe tana kuka, uwarta ta rugo a guje tana kuka, mai gabatarwa ma idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na ce ikon Allah, wai gasar waƙa ce ko zaman makoki? Don Allah masu zama a can ku gaya mana, haka mutanen suke ko duk shiri ne?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Anti. Shiri ne mana. Har albasa suke yankawa a bayan labule.

Abu Sadik, Columbus:
Wa alaikumus salam. Shekarata goma sha ɗaya a nan Ohio, kuma wallahi Ba'amurken da nake gani a talabijin ban taɓa haɗuwa da shi a titi ba. Akwai abokin aikina da mahaifinsa ya rasu, kwana uku ya dawo aiki. Na je yi masa gaisuwa irin tamu, na riƙe hannunsa ina jero addu'a, sai ya yi murmushi ya ce ya gode, ya juya kan kwamfutarsa. Na halarci jana'izar wani maƙwabcinmu a coci, kowa tsit cikin baƙaƙen kaya, ɗansa ma ya hau mumbari yana ba da labaran barkwancin marigayin ana dariya. Inda suke da zuzutawa shi ne a baki. Ka miƙa wa mutum kofin shayi sai ya ce ka ceci ransa. Abinci ba ya taɓa zama "ba laifi" a wurinsu, kullum shi ne mafi daɗin da suka taɓa ci. Amma kuka a gaban jama'a, musamman ga namiji, ba abin da ake gani kullum ba ne.

Maman Haidar:
To ka ji fa. Ashe ruwa ba ya tsami banza. To daga ina talabijin ɗin ya samo wannan hali?

Malam Garba Mai Ritaya:
Daga sabulu, 'yata. Ba wasa nake ba. A shekarun 1930 kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble suka lura cewa da rana matan aure ne ke gida kusa da rediyo, kuma su ne ke sayen sabulun. Sai suka fara ɗaukar nauyin wasannin kwaikwayo na minti 15 a kullum, labarin aure da cin amana da rashin lafiya, ana kaɗa molon coci a duk inda ake son zuciya ta tsinke. Shi ya sa har yau sunan irin wannan wasa a Turance yake ɗauke da kalmar sabulu. Wata mata mai suna Irna Phillips ita ce uwar wannan sana'a. Wasanta Guiding Light ya fara a rediyo a 1937, ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009. Shekara 72 ana labari ɗaya.

To ku yi tunani. Wanda zai rubuta labari kwana biyar a mako, shekara da shekaru, ba tare da ya kai ƙarshe ba, me zai yi? Dole wanda ya mutu ya dawo, dole a gano miji yana da tagwai mugu, dole wata ta buga kai ta manta mijinta. A wasan Days of Our Lives har aljani suka sa ya shiga jikin wata likita a 1995, tana tashi sama daga kan gado. Manufar dai ɗaya ce tun farko: a bar ki cikin zullumi ranar Juma'a don ki dawo ranar Litinin ki ji tallan sabulu.

Nazifi Edita:
Baba Malam ya faɗi tushen, ni bari in faɗi yadda ake haɗa miyar, don aikina ne. Shirin awa ɗaya a manyan tashoshin Amurka minti 42 ne ko 43, sauran talla ne. Ana yanka shi gida biyar ko shida, kuma kowane yanki dole ya ƙare da abin da zai hana ka taɓa rimot. Ke nan a awa ɗaya sai an tayar maka da hankali sau biyar ko shida. Rayuwar wa ce take haka?

Shi kuma kukan da Anti ta gani, kashi uku ne. Na farko kiɗa. Na biyu kusanto da kyamara har sai fuska ta cika allo. Na uku, wanda mutane ba su sani ba, shi ne sauya wurin hoto. Matar nan da aka nuno tana dafe ƙirji a cikin 'yan kallo, ba lalle a lokacin waƙar ta dafe ba. Wataƙila awa biyu kafin nan ne, edita ya ajiye ya liƙa inda yake so. A shirye-shiryen da suke cewa na rayuwar gaskiya har maganar mutum ake ɗinkewa, a ɗauko rabin jimla daga Talata a haɗa da rabi daga Alhamis, a rufe mahaɗar da hoton wani abu daban.

Ni kaina na yi. Wani biki da na ɗauka bara, uwar amarya ta goge ido da gefen mayafi, na rage gudun hoton na sa kiɗa mai sanyi. Da aka kai musu, dangi suka dinga sharɓar kuka suna cewa Allah sarki uwa. Hayaƙin turaren wuta ne ya shiga idonta, ina tsaye a wurin. Anti ki gwada abu ɗaya: ki sake kallon yarinyar amma ki kashe sauti gaba ɗaya.

Ɗan Auta:
Kai Nazifi ka ji tsoron Allah. Ashe kai ma ɗan sabulu ne.

Hajiya Turai:
Malam ya tuna mini da baya. Muna Ingila a 1980, Alhaji yana karatu, lokacin da Dallas ke tashe a BBC. Labarin wasu attajiran man fetur ne a Texas, babban ɗansu J.R. mugu ne na ƙin ƙarawa, yana murmushi yana cutar mutane. A watan Maris aka rufe zango a Amurka da wani ya harbe shi a ofis, ba a nuna ko wane ne ba. Jama'a, ƙasa ta ɗauka. A kanti, a bas, a asibitin awo, zancen ke nan. Har riguna aka buga, har caca aka dinga sawa a kan wanda ya yi harbin. Ga shi 'yan wasa sun shiga yajin aiki a Amurka, shi kuma Larry Hagman mai fitowa a J.R. ya tsaya sai an ƙara masa kuɗi, aka yi ta jan rai har Nuwamba. Ranar da aka bayyana, mutum wajen miliyan 83 ne suka kalla a Amurka kaɗai.

Amma inda suka raina mana hankali shi ne maganar Bobby, ƙanensa. A 1985 mota ta buge shi ya mutu, muka ga jana'iza, ni har da hawayena. Lokacin mun dawo gida, kaset ake aiko mana. Aka yi zango guda cur babu shi. Da suka ga kasuwa tana ja da baya, a 1986 sai tsohuwar matarsa ta farka da safe ta ji ƙarar ruwa a banɗaki, ta buɗe, ga Bobby yana wanka yana yi mata barka da asuba. Wai duk abin da muka kalla shekara guda mafarki take yi. Alhaji, Allah ya jiƙansa, tashi ya yi ya zare kaset ɗin ya ce ba a ƙara kawo masa wannan shirme gida. Ni dai na ci gaba da kallo a gidan maƙwabta.

Ɗan Auta:
Allah ya jiƙan Baba. Hajiya to wa ya harbe shi?

Sista Rabi:
Ni wanda ke ba ni haushi kuma na kasa dainawa shi ne Grey's Anatomy. Tun 2005 ake yi. Ku ƙirga abin da ya sami likita ɗaya, Meredith: ta riƙe bam a cikin ƙirjin majinyaci, ta nutse a ruwa har zuciyarta ta tsaya, ɗan bindiga ya shigo asibiti ya harbi mijinta a gabanta, jirgin sama ya faɗi da su a daji ƙanwarta ta mutu, bayan nan mijin ya mutu a hatsarin mota a 2015. Da a asibitinmu ne, tun a bam ɗin za a tara malamai a sauke Alƙur'ani, a ce baiwar Allah nan ta je a duba ta.

Shekarata goma sha huɗu ina aikin jinya. Yawancin aikin rubutu ne, da awon jini, da canza ledar ruwa, da lallashin 'yan uwan majinyaci su je su sayo magani. Ban taɓa ganin likita ya tsaya a tsakiyar tiyata yana faɗa wa abokiyar aikinsa irin son da yake mata ba. Kuma yadda suke danna ƙirji sau huɗu mutum ya buɗe ido ya hau magana, ba haka abin yake ba. Danna ƙirji na gaske har haƙarƙari yake karyawa, kuma da yawa ba sa dawowa. Wannan ɗin yana da illa, don 'yan uwa kan zo da tunanin abin da suka gani a fim.

Ɗan Auta:
Ni fa duk wannan bai dame ni ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ina kallon kokawar WWE tun ina firamare, na san tsarawa ake, amma ranar da Brock Lesnar ya kayar da Undertaker a WrestleMania ta 2014, bayan ya yi karawa 21 a wannan gasar ba a taɓa kayar da shi ba, gidan kallonmu shiru ya yi kamar an yi mutuwa. Wani ƙato a gabana ya ɗora hannu a ka. Mai gidan kallon ya kashe janareta don haushi. Ƙarya ce, mun sani, mun biya kuɗinmu don a yi mana ita. Ina laifi?

Barista Hadiza:
Ƙanena, a nan ba ka yi laifi ba, kuma nan ne nake ganin ya kamata mu raba zancen gida biyu. Undertaker albashi yake karɓa. Bobby ya mutu ya dawo, babu wanda aka cuta sai Hajiya da ta yi asarar hawaye. Ɗan wasa ya yi kuka ya wanke fuska ya tafi gida. Wannan ƙarya ce mai tsabta.

Wadda ke damuna ita ce wadda ake yi da baƙin cikin mutum na gaske. Kuma ba sabon abu ba ne. Akwai shiri mai suna Queen for a Day, ya fara a rediyo a 1945, daga baya ya yi shekaru a talabijin har zuwa 1964. Mata huɗu za a kawo, kowace ta faɗi masifar da take ciki: miji ba aiki, yaro gurgu ba keke, gida ba gado. Sai 'yan kallo su tafa, akwai na'urar auna ƙarfin tafi. Wadda labarinta ya fi ban tausayi a sa mata kambi da alkyabba, a ba ta injin wanki ko firji na kamfanin da ke talla. Sauran ukun su koma da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, bayan sun tona asirin gidajensu a gaban duniya. Gasar wa ya fi shiga uku ke nan. Yarinyar da Maman Haidar ta gani jikar wannan shirin ce.

Daga nan aka zo kan shirin Jerry Springer, 1991 zuwa 2018, mutumin da ya taɓa zama magajin garin Cincinnati, ana jifa da kujeru ana kiran sunansa. Da shirin Maury, inda ake buɗe ambulan na gwajin jini a gaban jama'a a ce wa mutum ba kai ne uban ba. Namiji ya tashi yana rawa, mace ta ruga bayan fage tana kururuwa, mai kyamara ya bi ta a guje. Kullum ana haska hoton jaririn a babban allo. Wannan yaron zai girma, kuma bidiyon yana nan a intanet. Wa ya nemi izininsa?

Har rai an rasa. A 1995 shirin Jenny Jones ya gayyato wani mutum daga Michigan aka ce masa akwai mai sonsa a ɓoye. Ya zo ya tarar namiji ne da ya sani. Bayan kwana uku ya je har gida ya harbe shi. Kotu ta ɗaure shi.

Abu Sadik, Columbus:
Barista ko na alherin ma akwai lauje cikin naɗi. A 2004 Oprah, mai gabatar da shirin hira a talabijin, ta raba wa duk 'yan kallon da ke zauren shirinta mota, mutum 276, ana ihu ana tsalle ana faɗuwa. Motocin kamfanin Pontiac ne ya bayar don talla. Kuma a nan kyauta irin wannan kuɗin shiga ce a wurin hukumar haraji, don haka kowa sai da ya nemo dubban daloli ya biya, ko ya sayar da motar. Wannan ɓangaren ba a sa masa kiɗa ba.

Zee Mai Kek:
Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, inda uwa ke jin faɗuwar ɗanta daga wani gari tiren hannunta ya suɓuce, mu ne za mu yi wa wasu dariya? A namu finafinan ma sau nawa aka nuna mari ɗaya ta kusurwa uku da ƙarar tsawa?

Amma ba wannan ne ya sa na yi magana ba. Lokacin da Abbanmu ya rasu ni ce babba. Tun a asibiti gwaggona ta riƙe kafaɗata ta ce kar in kuskura in yi kuka, ƙannena ni suke kallo. Kwana bakwai ina raba abinci ina amsa gaisuwa, "ya haƙuri", "haƙuri sai ma'aiki". Ko ɗigo ban zubar ba, har aka dinga yabona. Bayan wata takwas ina kwance ina kallon wasan This Is Us a waya, na zo inda gidan iyalin da ake labarinsu ya kama da wuta. Uban ya fitar da kowa, ya koma ya ɗauko kare da hotunan iyali, aka kai shi asibiti yana magana lafiya lau. Matar ta fita ta sayo cakulan. Likita ya zo ya ce mata zuciyarsa ta tsaya saboda hayaƙin da ya shaƙa. Ba ta yi ihu ba. Kallonsa ta yi ta gutsuri cakulan ɗin, don kanta bai ɗauka ba. Wallahi ni ma ranar ruwan leda ne a hannuna, kuma sai da na shanye shi bayan an faɗa mini. Na kifa kai a filo na yi kukan da ban yi ba wata takwas, har aka kira assalatu.

Na san an tsara. Na san a 2018 aka ajiye wannan kashi sai daren Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, don a sami masu kallo. Duk da haka ya yi mini abin da mutanen gidanmu ba su bar ni na yi ba.

Hajiya Turai:
Allah sarki 'yata. Allah ya jiƙan Abba, ya sa ya huta.

Malam Garba Mai Ritaya:
Allah ya gafarta masa. Gwaggonki da kyakkyawar niyya ta yi, amma hawaye ba haramun ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kururuwa da yaga tufafi aka hana. Mu ne muka haɗa da kunya da kara muka tsananta.

Nazifi Edita:
Allah ya jiƙansa Yaya Zee. Amma ki lura, wurin da ya karya ki shi ne wurin da suka rage gishiri. Da ta faɗi ƙasa tana birgima da ba ki tuna ruwan ledarki ba.

Zee Mai Kek:
Amin na gode. Nazifi ban yarda gaba ɗaya ba. Sai da suka yi zango ɗaya da rabi suna jiƙa ni da kiɗan nan da kake rainawa kafin a zo wurin. Da ban saba da mutumin ba, me zai dame ni da mutuwarsa?

Abu Sadik, Columbus:
Ba ke kaɗai ba ce. Tukunyar lantarki ce ta tayar da gobarar a labarin, kuma bayan an nuna, mutane a nan suka dinga rubuta cewa sun zubar da tasu. Sai da kamfanin Crock-Pot ya fito ya yi bayani cewa tukunyarsa ba ta da matsala. Kamfani na gaske yana kare kansa daga kisan mutumin da bai taɓa rayuwa ba.

Barista Hadiza:
Zee, labarinki bai rushe maganata ba, ya ma ƙarfafa ta. Wadda ta gutsuri cakulan 'yar wasa ce. Da kyamara aka kawo gidanku ranar uku, wani yana tambayarki "me kika ji da kika ga gawarsa" har sai kin fashe, sannan a tafi talla, da me za ki kira shi?

Zee Mai Kek:
Da na fasa kyamarar.

Maman Haidar:
Na dawo. Nazifi na gwada abin da ka ce. Na kashe sauti na kalli yarinyar daga farko. Abin dariya ya koma, mutane suna ta buɗe baki suna dafe kai kamar kifi a faranti, kuma na lura matar da aka nuno tana kuka a cikin 'yan kallo sau biyu aka nuna ta, hoto iri ɗaya sak. Sai Haidar ya ce Mama don Allah ki mayar da sautin. Na mayar. Ban san lokacin da na jawo gefen zanina ba. Yaran suna ta yi mini dariya.

Ɗan Auta:
Anti kin ba da mu. Hajiya har yanzu fa ina jira, wa ya harbi J.R. ɗin?

Hajiya Turai:
Mu wata da watanni muka jira, ɗan nan. An kira magariba, ka bari sai Litinin.